Hudar Zuciyar Malam Buhari

Ina farawa da sunan Allah, wanda ke saukar da cuta Ya saukar da magani, Ya kuma ɓoye wa kowane bawa ranarsa.

Sunana Kulu. 'Yar Goronyo ce ni, Wurno anka kai ni aure. Mijina sunansa Buhari. Duk zamanmu ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, Malam nake ce masa, sai yanzu da tsufa ya ba ni dama. Na koyi boko a ajin manya bayan rasuwarsa, kuma tun lokacin nake son in ajiye labarin jinyarsa, don na tabbata akwai irinsa a garuruwanmu, ana yi musu gorin ragwanci alhali ciwo ne ke cinsu. Abin ya faru zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin su tafi.

Malam ɗinkin riga yake yi. A gidansu kowa manomi ne, ga gonar gero a tudu, ga ta albasa a fadama, shi kaɗai ke wuni a zaure da allura. Ba zaɓinsa ba ne. Tun yana yaro ba ya iya gudu. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango yana haki. Leɓɓansa baƙi-baƙi ne kamar ya taɓa ruwan marina, kan yatsunsa kuma a kumbure kamar kan taɓarya. Wansa Ladan, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, yakan ce cikin raha mai cizo, "Buhari dai da wayo anka haihe shi. Mu rana, shi inuwa." Malam sai ya yi murmushi ya ci gaba da jan zare. Shekara bakwai muna tare Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka ni ma a gidan ban wuce baƙuwa ba. Mu biyu ne, ni da shi.

Ƙarshen wata damina abin ya taso. Wata safiya ya kira ni, ya ce, "Kulu, taho ki ga wani abu." Ya danna yatsa a ƙwabrinsa ya ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, kamar an danna dawon fura. Munka yi dariya. A mako na biyu takalminsa ya ƙi shiga. A na uku kumburin ya hau cinya, ciki ya fara tasowa, kwanciya ta gagare shi. In ya miƙe bayansa a tabarma sai numfashi ya sarƙe, ya tashi yana tari. Na jera masa buhunan ƙaiƙayi biyu a bango, a zaune yake barci.

Shawara kuwa ta zo ta ko'ina. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ta ce sanyi ne, ta riƙa dama masa kunun kanwa safe da yamma. Matar Ladan ta ce sammu ne, wani maɗinki ke baƙin cikin cinikinsa. An yi rubutu, an yi turare. Da kumburin ya ƙi sauka, Ladan ya ce akwai wani wanzami a Rara, ta wajen Rabah, wanda anka ce ba ya da na biyu a kan kumburi. Anka ɗora Malam kan jaki, ina biye da ƙunshin kayanmu. Ladan ya kai mu ya juyo, don girbi ya kama.

Kwana tara munka yi a wata bukka a gidan mutumin. Ban ce mugu ne ba, abin da ya sani ya yi. Ya tsattsaga ƙafafun, ruwa ya riƙa tsattsafowa yana jiƙa tabarma, ya ba shi wani jiƙo mai wanke ciki har Malam ya kasa ɗaga kai. Kumburin ya ɗan saki kwana biyu, sannan ya dawo ya fi da. Munka komo Wurno da ƙafafu masu gyambo. Warin ya sa matan gidan sunka daina leƙo ɗakinmu. Gaisuwa daga bakin ƙofa, "Ya mai jiki?" Kafin in amsa sun wuce.

Gyambon ne ya kai mu ɗakin shan magani na En'e, wato na hukumar gargajiya, a nan Wurno. Mai ba da maganin ya wanke ƙafafun, ya ɗaure, sannan ya tsaya yana kallon wuyan Malam, inda wata jijiya ke harbawa a fili. Ya ce, "Wanga ba nawa ba na. Ku kai shi birni, babban asibiti, kuma kada ku kwana biyu." Ya rubuta takarda ya ba ni.

Ladan ya ƙi. Ya ce, "Asibitin Nasara? In ya cika can wa ka yi mai sutura? Kuma wa ka barin gero ga gona shi bi ku?"

Ban da bakin magana a gabansa. Malam ne ya ɗaga kai daga jikin buhu, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma, ya ce, "Yaya, ka bar ni in tahi. In mutuwa ta, ko ina tana ishe ni. Kulu ta isa."

Na sayar da tunkiyata da ɗanta, wadda na zo da ita daga gidanmu. Ranar kasuwa anka hau da shi bayan motar buhuna, munka bi ta Achida. Duk hanyar ina zaune a bayansa na tallafe shi da ƙirjina, don in ya kishingiɗa numfashi na ɗaukewa. Ban taɓa shiga mota ba, ban taɓa ganin birnin Sakkwato ba. Ban kuma gan shi ranar ba, ƙeyarsa kawai nake kallo.

Kwana biyu muna layi kafin mu ga likita. Shi ɗaya ne, jama'a kuwa kamar ranar idi. Mai gadin ƙofa yana kora mu daga inuwa zuwa rana kamar awaki, har yau in na tuna sai raina ya sosu. A rana ta biyu wani malamin asibiti ya zo wucewa, ya dubi leɓɓan Malam, ya tsaya. Sunansa Malam Yusufu, mutumin ƙasar Nufe ne, gajere, Hausarsa tana da ɗan karkata. Bai tambayi kowa ba ya sa anka ɗauki Malam anka shigar.

Likitan Bature ne, dogo mai furfura. Ya daɗe yana saurare da abin kunnensa, gaba da baya, ya juya yatsun Malam yana dubawa. Ya yi tambaya, Malam Yusufu na fassarawa. Yana gudu da yana yaro? Yana tsugunawa in ya gaji? Sannan ya yi doguwar magana, Malam Yusufu ya juyo gare mu.

"Likita ya ce zuciya ɗakuna ce da bango a tsakani. Bangon taka da huda aka haife ka. Jini yana bi ta inda bai kamata ba, zuciyarka tana aikin mutum biyu tun kafin a raɗa maka suna. Yanzu ta gaji, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki."

Malam ya ce, "Tun haihuwa?"

"Tun haihuwa."

"Ashe ba ragwanci ba na."

Bai yi kuka ba a Rara lokacin da aska ke bin ƙafarsa, amma a nan hawaye sunka zubo masa. Ya roƙi Malam Yusufu ya rubuta masa maganar da ajami a wata 'yar takarda.

Na tambaya ko za a toshe hudar. Malam Yusufu ya girgiza kai. Abin da ya faɗa ya zauna mini har yau. "Ba mu da abin toshe ta. Ki ɗauka jaki ne ya gaji a hanya. Allurar da za mu yi za ta sauke masa kaya, ta fitar da ruwan. Ƙwayar kuma za ta ba shi ƙarfin takawa. Amma ƙwayar nan ɗaya magani ce, biyu dafi ce." Sunanta dijoksin. 'Yar ƙarama ce, fara, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Mako biyar munka yi. Ranar da anka fara allurar, Malam ya yi ta fitsari har ya ji kunyar masu kwashewa. A mako na farko cikin ya saɓe. A na biyu fatar ƙafafun ta yamutse kamar ta tsoho, gyambon ya fara kamewa. A na uku ya kwanta a kan matashi biyu kawai ya yi barci har da minshari, na tsaya bakin taga ina saurare kamar wadda ke jin kiɗa.

Ɗakin maza ne, ba a barin mata sai da hantsi da la'asar. Sauran lokaci ina gindin wata bishiya bayan shinge tare da sauran masu jinya, kowa da duwatsun murhunsa uku. Ban san kowa ba. Wata Bafillatana muke haɗa wuta da ita, Hausarta kaɗan ce, ni kuma ba na jin Fillanci, amma mukan zauna kusa da juna mu yi shiru tare. A mako na biyu mijinta ya cika. Ta ɗaure kayanta, ta ajiye mini guntun itacenta, ta tafi. Daga nan ban sake sabawa da kowa ba, don na ga duk wanda ka saba da shi tafiya zai yi. Daga Wurno sau ɗaya Ladan ya zo, ya kawo gero, ya koma a motar da ta kawo shi. Goronyo kuwa ba su ma ji ba, ban sami wanda zan aika ba.

Ranar sallama Malam Yusufu ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ƙwaya ɗaya kowace safiya. Babu gishiri, babu kanwa, ko a miya ko a kunu, don su ke riƙe ruwa a jiki. Da na gaya masa kunun da Inna ke damawa sai ya riƙe baki. Kowane wata mu dawo a yi allura a karɓi wata ƙwayar. Sannan ya kama yatsuna biyu ya ɗora a wuyan hannun Malam har na ji abin na harbawa. Ya ce kullum sai na ƙirga kafin in ba shi. Na ce ba mu da agogo. Ya yi tunani, ya ce in karanta Fatiha yadda na saba, yana duban agogonsa. Ya sa na maimaita sau uku. Sannan ya ce in riƙe tasbaha, ina karantawa ina jan ƙwaya ɗaya da kowane bugu.

"In kin kai amin ba ki ja ashirin ba, kada ki ba shi ranar. In yana amai, ko ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya, ki tsayar. Kin ji? Ga addu'a, ga awo."

Da munka dawo gida, Malam ya miƙa wa wansa takardar ajamin. Ladan ya karanta, ya ninke, ya mayar masa, ya ce, "To, Allah shi sawwaƙa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ga yadda fuskar Malam ta faɗi.

Tukunyarmu ta rabu da ta gida. Miya ba gishiri ba kanwa, ko daddawa sai kaɗan. Na riƙa sa tsamiya da albasa da yawa don ta ciwu. Da farko nakan ɗebi tawa in sa gishiri, sai na lura yana bin hannuna da ido, na daina, munka riƙa cin lami tare. Matan gida na cin nasu a tsakar gida suna hira, mu muna ɗaki. Inna ta yi fushi da ni wata guda a kan kunun kanwa, ta ce na raba ta da ɗanta.

Amma sauƙi ya samu, kowa ya gani. Ya koma zaure da allurarsa. Wata Juma'a ya dawo yana dariya tun daga ƙofa, ya ce, "Kulu, yau har masallaci ban dafa bango ba." Bazara ta wuce, damina ta wuce, kowane wata muna kan hanyar birni, wani lokaci mota ta kafe a laka mu wuni. Wannan shekarar ita ce mafi daɗi a aurenmu, ba na mantawa, kuma ina gode wa Allah da Ya ba mu ita.

Da ruwa ya janye daga fadama anka fara dashen albasa, sai Malam ya ce shi ma a yanka masa 'yan fangali. Na ce likita ya hana aikin ƙarfi. Ya ce dashe kawai zai yi, ba zai ja jigon ban ruwa ba. Ladan ya yi dariya ya ba shi. Kullum da safe in ƙirga bugun, in ba shi ƙwayarsa, ya ɗauki 'yar fartanya ya fita. Ya dawo a galabaice, amma fuskarsa na haske.

A rana ta tara ya ƙi cin abinci. Washegari amai. A rana ta uku da fara ciwon ya dubi zanen da na shanya, fari fat, ya ce, "Yaushe kinka rina wanga?" Na ce wane? Ya ce, "Ga shi nan, rawaya. Har bangon ma." Na kama hannunsa na karanta Fatiha, na kai amin da ƙwayar tasbaha goma sha huɗu a hannuna, su ma ba a jere suke zuwa ba, bugu biyu sai tsayawa.

Gida ya cika. Inna ta ce ciwon shawara ne, a nemo saiwa. Ladan ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Na hwaɗi tun hwarko. Maganin Nasara ya ƙone mai hanta. Mace ta ɗauke mutum ta hana mai gishiri ta hana mai abincin uwatai, ga abin da ta jawo muna." Da sunka watse na ɗauko kwalbar maganin daga cikin tasa na zazzage a tafin hannu. Saura kwana goma sha biyu mu koma, ya kamata in ga goma sha biyu. Uku na gani.

Na zauna a gabansa na buɗe hannun. Ya kau da kai.

"Malam, mi kay yi?"

Ya ce in na fita ɗebo ruwa yakan ƙara ɗaya kafin ya tafi fadama. Ya ga ɗaya ta kai shi masallaci, ya ce biyu za ta kai shi ƙarshen fangali.

"Ba ka ji abin da anka ce ba? Biyu dafi ta."

"Na ji." Ya share bakinsa. "Kulu, shekara talatin da huɗu ina kallon maza suna komowa gida da laka ga ƙahwa. So nike ko sau ɗaya Yaya shi gan ni haka."

Na so in yi masa faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Na fita bayan ɗaki na yi kukana ni kaɗai. Ban gaya wa kowa a gidan abin da ya yi ba. Na bar laifin a kaina, don na san in sun ji za su ce ga ragon ya so ya kashe kansa a kan fangali huɗu.

Na tsayar da ƙwayar kwana huɗu. Na tsare ƙofa na hana saiwar Inna shiga, abin da ban taɓa yi ba. Aman ya tsaya, rawayar ta washe, bugun ya dawo ashirin da biyu. Amma bai iya hawa mota ba, ƙwaya uku kuma ba za ta kai mu ko'ina ba. Na roƙi Ladan ya je ya karɓo, ya ce ba ya ɗauko dafi da hannunsa ya kawo wa ƙanensa. Sai na ɗauki katin asibiti da kwalbar na yafa zane na tafi ni kaɗai. Matar aure a bayan motar buhuna, ba muharrami. An yi maganata a Wurno har ta gaji da yawo.

Malam Yusufu ya saurare ni har na gama. Na zaci zai yi faɗa. Ya ce, "Da kin ba shi ta ranar nan, da yanzu wani zance ake. Ke kika tsare shi." Wata goma sha huɗu ina jinya, shi ne mutum na farko da ya ce na yi daidai. Ya shiga ya gaya wa likita, anka ba ni ƙwayar, anka kuma rubuta wa ɗakin maganin Wurno su riƙa yi masa allurar a can. Daga ranar kwalbar a lalitata take kwana.

Da na dawo da la'asar na tarar da Inna zaune a ɗakinmu tana yi masa fifita, yana barci. Ban taɓa ganinta a ciki ba tun zamanin gyambo. Ta ce in zauna. Ba ta dube ni ba ta ce, "Da shina jariri, in ya kama nono sai shi saki shina haki, zuhwa na karyo mai ga goshi. Na san da wani abu. Na ɗauka nonona na ba shi da kyau. Da ubanai ka bugunai don ya ƙi noma, ban taɓa cewa komi ba, don kada a ce ni ta." Ta juyo. "Likitan ya ce daga nono na?"

Na ce, "A'a, Inna. Ya ce halitta ta, tun cikin ciki. Ba laihin kowa ba na."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da fifita. Ba mu zama ƙawaye ba, amma ba ta sake kawo kanwa ɗakin ba.

Malam bai koma fadama ba. Albasar tasa Ladan ya yi mata ban ruwa ba tare da ya ce komi ba, da ta nuna ya aiko da kwando biyu ƙofar ɗakinmu. Shekara biyu ya ƙara a duniya. Ta farko da dama-dama, yana ɗinki a zaune. A ta biyu kumburin ya riƙa dawowa kafin ranar allura, allurar ma ta rage fitar da ruwan. Buhunan ƙaiƙayi sunka koma jikin bango. Ni kaɗai ke zuwa birni kowane wata, in faɗa wa Malam Yusufu yadda ake ciki, ya shiga ya fito da amsa. Wata rana ya fito ba da sauri ba, ya ce, "Likita ya ce maganin ya kai iyakarsa. Ki ci gaba da ba shi, zai rage masa wahala. Kada ki ƙara." Na ce na gane. A mota na rufe fuskata da zane har Achida.

Ban gaya wa Malam ba, amma ya sani. Ya daina karɓar aikin mutane, sai wata hula da yake ɗinkawa a hankali, bai ce ta wa ce ba. Ranar wata Talata da hantsi na ƙirga bugun, na ba shi ƙwayarsa, ya ce in zura masa zare don idonsa ba ya gani sosai. Na zura na ba shi. Na fita bayan ɗaki in shanya zannuwansa guda uku da na wanke. Ban daɗe ba, wallahi ban daɗe ba. Da na dawo kansa ya langaɓe a kan buhu, allurar na hannunsa. Shekara uku ban yi nisa da shi ba sai don karɓo magani, amma ya tafi ba kowa a kusa. Na kama wuyan hannunsa na karanta Fatiha har ƙarshe. Sannan na fita na gaya wa Inna.

Ga wanda ke da irin wannan majinyaci, abin da na sani kaɗan ne. In yaro na haki tun yana ƙarami, leɓensa na duhu, a kai shi a duba, kada a bi shi da gori. In ƙafa ta kumbura kada a tsaga. Maganin zuciya ba a ƙara shi don an ji daɗinsa, ba a kuma barinsa don an ji sauƙi. Kuma in kun san mai jinya, ku shiga ɗakin ku zauna, ko ba ku da abin cewa. Gaisuwar bakin ƙofa ba ta rage wa kowa dare.

Da na fita takaba, wana ya aiko daga Goronyo cewa in koma gida. Kafin in tafi na ce sai na je birni sau ɗaya. Akwai sauran ƙwaya a kwalba, na ji tsoron barinta inda yara za su gani, kuma ina son in gaya wa Malam Yusufu da bakina. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa masa: yadda Malam ya cika ba wahala, yadda ban taɓa kuskuren ƙirga ba, da godiyar da ban taɓa yi masa yadda ya kamata ba.

Na bi layi har azahar. Da na kai tagar karɓar magani sai na ga wani saurayi da ban sani ba. Na tambayi Malam Yusufu. Ya ce an yi masa canjin wurin aiki wata biyu da sunka wuce, bai san ko ina ba. Likitan ma ya tafi ƙasarsu. Na miƙa katin da kwalbar, na ce mai shi ya rasu. Ya ce, "Allah Ya jiƙansa." Ya ɗora kwalbar a kan tebur, ya jefa katin a wani kwali, ya leƙa bayana ya kira mai bi mini.

Na fito na tsaya a bakin shinge da maganata a baki, ba wanda zan ba. Mutane na ta wucewa da marasa lafiyarsu, kowa da abin da ya dame shi. Na daɗe a tsaye. Sannan na ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Sannu, Kulu. Sannu da jinya." Na gyara zanena, na tafi neman motar Goronyo.